Hausarmu Ɗaya, Amma Dokar Hanya Kowa da Tasa

 

A wannan fitowar na ɗan ajiye zancen soyayya gefe guda, ko da yake in kin bi ni a hankali za ki ga ba mu yi nisa da ita ba. Duk mai karanta littattafanmu na Hausa ta san yadda akan yi. Saurayi kyakkyawa ɗan masu hali ya ɗauko amaryarsa a Marsandi mai baƙin gilashi, ya dube ta ya yi murmushi ya ce yau a Yamai za su kwana, sai kawai a buɗe babi na gaba a gan su suna shan lemo a bakin kogi. Babu wanda ya tsayar da su a hanya, babu wanda ya ce ina takarda, kai ka ce ƙasar duk gonar ubansa ce. Ni kuwa da na taɓa bin ayarin kai amarya ƙetare, in na karanta irin wannan sai in yi ta dariya ni kaɗai, don na san da gaske ne, da a Illela littafin zai ƙare.

Abin da ke rudar mazajenmu da yayyenmu game da Nijar shi ne ba ta yi musu kama da ƙasar waje ba. Wanda ya sauka Ingila ko Masar, sanyi ko harshe kaɗai ya isa ya tuna masa shi baƙo ne, sai ya nutsu ya yi tambaya. Amma mutumin Sakkwato in ya shiga Birnin Ƙonni, Hausar da ya baro ita zai tarar, har da "awo" da "mi kac ce", furar ita ce, rawanin shi ne, ga dangi ko'ina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, kuma Maratta yau a cikin Nijar take, kusa da Galmi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna can ƙasarsu suka ja layi, suka daddale shi a yarjejeniyar 1906, suka raba wa da ƙane. To duk wannan gaskiya ne, sai dai ita mota ba ta da dangi. Direba na iya bugun ƙirji ya ce shi ɗan gida ne, lambar da ke goshin motarsa kuwa tana shela cewa baƙuwa ce, kuma da lambar jami'i yake magana. In abu ya ɓaci kuma, mu mata da ke zaune a baya da goyo da kwanukan abinci mu ne rana ke gasawa a bakin shinge.

Ɗiyar baffana ce aka yi wa miji, wani ɗan uwanmu mai harkar albasa a wani ƙauye kusa da Galmi. Tare muka tashi da ita ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya. An sa biki watan Satumban 2023, ana tsakiyar haɗa kayan ɗaki sai ga labari sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, cikin 'yan kwanaki aka garƙame iyaka. Yarinyar nan ta yi kuka har ta gode Allah. Wata bakwai da ɗoriya tana kallon akwatunan lefenta, tsofaffin unguwa kuma suna ta faɗin albarkacin bakinsu, wai ko auren ba alheri ba ne. Sai a watan Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe iyakar, aka sake sa rana bayan ƙaramar salla, cikin zafin bazarar nan na Sakkwato da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Wanda aka ɗora wa jagorancin tafiyar shi ne Kawuna, yayan Innarmu, tsohon direba da ya yi shekaru yana jigilar albasa da goro tsakanin Sakkwato da Ƙonni da Maraɗi. Tun yana yaron mota ya san hanyar. Shi ne ya ba ni labarin cewa a da Nijeriya ta hannun hagu ake tuƙi irin na Ingila, Nijar kuwa ta dama irin na Faransa, saboda haka in an iso iyaka sai direba ya sauya hannu, in ya dawo ya sake sauyawa. Sai ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Gowon, Nijeriya ta koma dama don ta yi daidai da maƙwabtanta. Kawu ya ce tun daga ranar direbobinmu suka saki jiki, suna ganin tunda hannu ya zama ɗaya ai komai ma ɗaya ne.

Saura mako uku biki ya tara mu a zauren gidansa, ya ce duk wadda za ta bi amarya ta ɗaga hannu. Ya ce kowace ta je a yi mata allurar rigakafin shawara a ba ta katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma yanzu-yanzu, don katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10. Abin daɗin shi ne tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai, ba a sake ta bayan shekara goma kamar da. Gwaggonmu ta ce allambaran ita ba mai soka mata ƙarfe a jiki, ita da kakarta ta wajen uwa 'yar Ƙonni ce. Kawu ya dube ta ya ce, "To Hajiya, in mun kai sai ki hiddo kakar taki ki gwada musu." Washegari ita ta riga kowa zuwa layi.

Na san wata za ta ce ai mutanen Ƙonni kowace Lahadi suna cin kasuwar Illela, na Illela ma suna shiga can a kan kabu-kabu, ba fasfo ba kati. Haka ne, tsakanin garuruwan biyu ɗan taƙi ne kuma an san juna. Amma shiga da mota daban ne, wuce Ƙonni zuwa cikin ƙasa kuma wani abu ne daban, domin daga nan kowane shinge sai an ƙirga ku an dubi takardar kowa. Dokar da ake bi a lokacin tafiyarmu ita ce yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979. Ta ba ɗan ƙasa damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Motar gida ita ma kwana 90, ta haya mai ɗauke da fasinja kwana 15, da sharaɗin direba ya nuna lasin da bai mutu ba, da takardar mallakar mota, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan. Ni ya sa na rubuta masa sunayen mu duka a takarda, da lissafin kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, daga gado har zuwa kwalla da samira, don kada a ɗauka kayan sayarwa ne. Buhunan shinkafa da gero na gara kuwa ya hana a ɗora, saboda a watannin nan ana tsananta kama masu fitar da hatsi daga Nijeriya. Ya ce a riƙe kuɗin a saya a can.

Mota uku muka yi. Fijon Kawu da amarya da manyan mata, bas ɗin haya da ta kwashi kaya da 'yammata, sai kuma motar Yayana. Ita wannan motar ta aro ce, wani abokinsa a Sakkwato ya ba shi don a fita kunyar dangin ango, sabuwa dal tana ɗaukar ido. Da Kawu ya tambaye shi takardu sai ya ce, "Haba Kawu, komi na nan cikin aljihun mota, kak ka damu." Muka tashi bayan asuba, muka bi ta Boɗinga muka ratsa Sakkwato, muka wuce Kware da Gwadabawa, ana ta guɗa ana waƙe-waƙe, hantsi bai gama ɗagawa ba muka iso Illela.

A nan ne guɗa ta tsaya. Kawu ya fito da wata tsohuwar jakar fata ya shiga ofis ya fito, ya shiga wani ya fito, aka buga mana hatimin fita, muka gangara ɓangaren Nijar. Su can kwastan "duwan" suke ce musu, kuma su ke ba motar baƙo takardar da ake kira lasefase, wato izinin shigar da mota na ɗan lokaci. A jikinta ake rubuta lambar mota da lambar inji da sunan mai ita da kwanakin da aka ba ka, in za ka fita kuma ka mayar musu da abarsu, don su tabbata ba sayar da motar ka yi a ƙasarsu ba tare da biyan haraji ba. Fijo ta samu, bas ta samu. Da aka zo kan Yaya, jami'in ya dubi takardar mota ya dubi lasin, ya ce cikin ladabi, "Mushe, wanga suna da wanga ba ɗaya ba ne. Ina takardar da mai mota ya ba ka?" Yaya ya ce ai abokinsa ne, bari ya kira shi a waya su yi magana. Jami'in ya ce shi ba ya buga hatimi a kan murya. Ya ƙara duban lasin ɗin, ashe ma ya mutu tun wata huɗu da suka wuce.

Ƙawata, kada ki ga laifin mutumin nan. Motocin sata da yawa ta iyaka ake fitar da su, saboda haka duk wanda zai ƙetara da motar da ba sunansa a jiki, sai ya riƙo takardar izini daga mai ita, da sa hannunsa, da kwafin katin shaidarsa, in so samu ne da hatimin kotu. Yaya ya yi magiya, ya ambaci zumunci, ya ambaci Musulunci, har ya fara ɗaga murya yana cewa ai Nijar da Nijeriya uwa ɗaya uba ɗaya. Kawu ya ja shi gefe ya ce, "Kai yaro, rufa muna asiri. Nan ba a san ɗan wane ba. Mai da motag ga Illela ka aje ta." Haka aka yi. Ya koma da ita ya ajiye gidan wani ɗan uwa, ya dawo a bayan kabu-kabu, babbar rigarsa ta shadda duk ta yi buɗu-buɗu da ƙura. 'Yammata suka ce a cusa matan motarsa cikin bas a bisa katifu, Kawu ya ƙi, ya ce a can ana ƙirga kawuna a gwada da yawan kujeru, sai dai a ɗauki tasi. Wajen cinikin tasin ne Gwaggo ta kusa faɗa da direba, don su kuɗinsu na sefa da dala suke ƙirga shi. Dala ɗaya tamma 5 ce, dala ashirin ita ce 100, jaka guda kuwa 1,000. In ba ki san wannan ba sai ki yi ta rantsuwa an cuce ki alhali ba a cuce ki ba.

Na tambayi Kawu wani ɗan littafi da na ga yana haɗawa da lasinsa in zai miƙa. Ya ce lasin ƙasa da ƙasa ne. Fassarar lasinka ce cikin harsuna da dama har da Faransanci, kuma ba ya aiki shi kaɗai sai tare da na gida. Ya ce ko inda ba a tilasta shi ba yana rage dogon zance, domin jandarman da bai iya Ingilishi ba yana buɗewa zai ga abin da ya sani.

Mun ɗauka wahala ta ƙare, ashe tana gaba. Mun shiga cikin garin Ƙonni ke nan, a wata mahaɗa da ba fitila ba allo, sai muka ji ƙuuu, ƙarar burki, sai salati. Direban bas ɗinmu, wanda ya shekara goma yana bin hanyar Sakkwato zuwa Jega bai taɓa buge ko akuya ba, ya taɓa wani yaro mai babur da ya fito ta damansa. Allah ya taƙaita, yaron ya faɗi ya kuje a ƙafa da gwiwar hannu, babur ya lanƙwashe. Direba ya diro yana rantsuwa shi ke da hanya, titinsa ya fi faɗi, kuma ya yi oda har sau biyu. Mutanen da suka taru kuwa baki ɗaya suka ce shi ne da laifi.

Wannan ita ce dokar da na fi so ki riƙe, ki kuma faɗa wa duk namijin da zai ja ki zuwa ƙasashen da Faransa ta raina. A tsarinsu, duk mahaɗar da ba a kafa alama ba, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya, ko keke ne, ko amalanken jaki, ko da kai a kan babban titi kake jin kanka. Mu a nan an koya mana wanda ke cikin shataletale shi ake jira, a sauran mahaɗu kuwa, mu faɗi gaskiya, mai babbar mota da ƙarfin oda shi ke wucewa. A can in shataletale ba shi da allon nan mai kusurwa uku da ya kifa kai ƙasa, wanda akan rubuta "Cédez le passage" a ƙarƙashinsa, to dokar dama ce ke aiki, ma'ana na ciki shi zai tsaya wa mai shigowa. Ki duba fa, hannun tuƙi ɗaya, amma abin da ƙafar direba ta saba yi a gida shi ne zai kai shi ga buge mutum.

Direba ya zabura zai gyara tsayuwar bas don ya ba da hanya, Kawu ya daka masa tsawa, "Kak ka motsa ta!" Ashe a can in an yi haɗari ba a taɓa abin hawa sai 'yan sanda sun zo sun yi abin da suke kira konsta, su auna da igiyar awo, su zana inda kowace taya ta tsaya, su rubuta. Wanda ya matsar da motarsa kamar ya goge shaidarsa ne da hannunsa. Aka ɗauki yaro aka ce an kai shi likita, wato asibiti a Hausarsu, aka karɓi lasin direba da takardun bas aka ce a biyo su ofis.

Abin da ya fitar da mu rannan wani ɗan kati ne, katin inshorar ECOWAS da direbobinmu ke kira burawun kat. An ƙirƙiro shi a yarjejeniyar da aka yi a Kwatano a 1982, amfaninsa kuwa shi ne in motar baƙo ta yi wa ɗan ƙasa rauni ko ta ɓata masa dukiya, akwai ofishi a ƙasar da zai tsaya a biya shi, daga baya su bi kamfanin inshorar mai motar a can gida. Wanda ba shi da shi, motarsa tana tsare, wani lokaci shi ma yana tsare, har sai an ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Tun ranar 1 ga Janairun 2023, da aka ƙara kuɗin ƙaramar inshorar motar gida a Nijeriya daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka haɗa wannan kati a cikinta. Sai dai fa inshorar gaske, ba takardar jabu da ake buga wa mutum a gindin bishiya ya biya rabin kuɗi yana murna ya yi wayo ba. Kawu tun a gida ya ƙi yarda da bas biyu kafin ya yarda da wannan, mu muna ta gunaguni tsoho ya cika tsanani, ashe katin yake dubawa da kwanan watan mutuwarsa.

Duk da haka sai da muka share awa huɗu. Mahaifin yaron ya zo, dattijo mai mutunci, da ya ji ayarin amarya ne ya ce shi ya yafe, Allah ya sa albarka. Kawu ya yi godiya, ya je ya dubo yaron, ya yi masa alheri, amma rubutu sai da aka gama shi tsaf aka sa hannu. Mu kuwa muna rakuɓe gindin wata bedi, ruwan da muka zo da shi ya zama kamar na shayi, jarirai na ta tsala ihu. Amarya na cikin Fijo a lulluɓe, gumi ya narkar da kwalliyar da aka ɓata asuba ana yi mata, tana kukan da ba na al'ada ba, na gaske. Da aka sallame mu rana ta yi ja. Samari suka ce a daure a ƙarasa, ai bai kai tafiyar awa biyu ba. Kawu ya ce ko da wasa. Ba ya tuƙin dare a ƙasar da ba tasa ba, ga shanu da raƙuma da amalanke marasa fitila, ga manyan motoci da ke mutuwa a tsakiyar titi a jera musu ganye a maimakon alama, ga halin tsaro da ya taɓarɓare ta ɓangarorin biyu. Muka kwana Ƙonni gidan dangi.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Can gidan ango an yanka rago, an girka abincin mutum ɗari, mata sun ci ado tun azahar suna jiran guɗa. Duk ya tashi a banza. Ko da aka yi waya aka ba da haƙuri, kin san halin mutane, wasu suka ce 'yan Nijeriya ne da raini. Har yau akwai facalarta da in sun sami saɓani take kiranta amaryar da ta kwana a hanya. Yarinyar da ba ta ari mota ba, ba ta riƙe sitiyari ba, ita ke ɗauke da tabon a gidan aurenta.

Da safe tafiya ta yi daɗi. Muka hau babbar hanyarsu mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi ta ratsa Ƙonni ta nufi Maraɗi da Damagaram. A bakin gari akwai shingen biyan kuɗin hanya da suke kira peyaj, ka faɗi inda za ka, ka biya, a ba ka tikiti, kuma kada a ba yara su yi wasa da shi don ana tambayarsa a gaba. Duk inda aka ga allo mai jan da'ira an rubuta "Halte", ko na jandarma ne ko na 'yan sanda ko na duwan, tsayawa ake yi cak, ba rage gudu a ɗaga hannu a wuce irin namu ba. Kawu kan kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya yi sallama, ya miƙa jakarsa tun ba a tambaya ba. Ya kuma gargaɗe mu kada wadda ta kuskura ta ɗaga waya ta ɗauki hoto kusa da shinge ko soja. Allon sunan gari shi ne alamar a rage gudu, sai an ga sunan an ja masa jan layi a karkace sannan an fita garin. A wani shinge an nemi ganin gwangwanin kashe gobara da alwatikar nan mai ƙyalli da akwatin magani, duk Kawu ya fito da su daga but. Muka wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, muka hango kamfanin siminti na Malbaza, daga nan sai ƙanshin albasa ya fara yi mana maraba, buhuna jajaye jere a bakin titi har iya ganinki.

To amma kada ki ɗauki abin da na faɗa ki ce haka yake yau ba canji, domin bayan tafiyarmu ruwa ya gudana a ƙarƙashin ƙasa. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, sun kafa ƙungiyarsu ta AES. Tun a Disamban 2024 ƙasashen uku suka ba da sanarwar cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma sun riƙe ikon mayar da wanda ba su yarda da shi ba. A watan Fabrairun 2025 kuma jaridun Nijeriya suka ba da labarin ana mayar da matafiya masu ɗauke da takardar tafiya ta ECOWAS, ana cewa sai babban fasfo. Saboda haka mai niyyar tafiya ya nemi fasfonsa, ya je kamfanin inshorarsa ya ce su tabbatar masa a rubuce cewa katinsu zai yi aiki a inda za shi, ya kuma tambayi direbobin tashar Illela da suka dawo a makon, don su ne labarin jiya-jiya ke hannunsu. A Maris ɗin 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, abin alfahari gare mu duka, sai dai wannan bai sauya wa motar baƙo matsayi ba.

Masu zuwa nesa su ma da nasu. In Chadi ko Kamaru aka nufa, katin ECOWAS ba ya aiki, su nasu katin mai ruwan hoda ne na ƙasashen tsakiyar Afirka. Wadda aure ko karatu ya kai ta Ingila, ko Kenya, ko Indiya, ko Malesiya, ta san can ta hagu ake tuƙi, ko tsallaka titi za ta yi da ƙafa sai ta fara duban dama, kuma a Ingila lasin Nijeriya wata 12 kawai yake yi wa mutum aiki. A Saudiyya ta dama ne kamar mu, kuma tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙi a can.

Ke da kika je makaranta, in an tashi tafiya irin wannan a gidanku, ba rashin kunya ba ne ki ce, "Yaya, kawo takardun in duba maka kwanan wata." Mazan gidanmu da yawa sun iya tuƙi fiye da karatu, wasu kuma sun iya karatun amma girman kai ba ya barinsu su duba. Ki dubi sunan da ke kan takardar mota ki gwada da na lasin, ki dubi ranar mutuwar lasin da ta inshora, ki tabbata lambar da ke rubuce ita ce a jikin motar. Ki kai a yi hoton kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a mota, ɗaya a jakarki ta hannu tare da katunan rigakafin yara, domin in an karɓe na ainihi a ofis kamar yadda aka karɓe na direbanmu, na jakarki ne za a nuna a shinge na gaba.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya. Masu aiko da wasiƙu ina gani, ku ƙara haƙuri, zan amsa ɗaya bayan ɗaya.